Tawada a Kan Fensir

Mai ɗinkin littattafan nan na bayan tashar mota ya cuci 'yarsa. Bai doke ta ba, bai hana ta karatu ba, ko tsawa bai taɓa yi mata ba. Da alƙalami da magogi ya cuce ta, cikin kwana uku, don ya burge wani baƙo da bai cika minti ashirin a shagonsa ba. Masu cewa ai ba da nufi ya yi ba su tuna cewa shekara goma sha ɗaya ya samu ta buɗe baki, bai buɗe ba.

Ƙamus ake ce masa a layin. Aji huɗu ya yi a firamare aka cire shi aka kai shi koyon sana'a, sai aka yi dace sana'ar ta littafi ce, shi kuwa mutum ne da ba ya iya riƙe takarda bai karanta ta ba. Makarantu da kotu da ɗakin karatu na gari duk wurinsa suke kawo tsofaffin littattafansu, waɗanda bango ya rabu da su, zare ya tsinke, gara ta ci gefe. Yakan warware littafi ya jera shi shafi-shafi, ya ɗinke da basilla, ya shafa gam, ya yi masa sabon bango, ya sa a matsi. Aikin kwana biyu ne, amma sai ya ce wa mai littafi ya dawo bayan mako guda. Sauran kwana biyar ɗin na karatu ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tsofaffin kalmomin Turanci, irin waɗanda masu harshen ma suka manta da su ko suka manta inda suka fito. Daga ragowar kwali yake yanka kati kamar faɗin tafin hannu. A sama ya rubuta kalma, ƙasanta ma'ana, ƙasa da wannan asalinta, can a ƙarshe sunan littafin da lambar shafi. Littafi ya koma wurin mai shi, kati ya shiga akwatin katako da ke ƙarƙashin tebur.

Yana da doka guda, wadda ba wanda ya koya masa. Abin da ya gani da idonsa a littafi, da tawada yake rubuta shi. Inda shafi ya yage, ko gara ta cinye layin asali, ko littafin ya yi shiru shi kuma tunaninsa ya ba shi wani abu, da fensir yake rubutawa. Kowa a layin ya san dokar, har telan da bangon katako kawai ya raba shagonsu.

"Ƙamus, yau gawar wa aka tono?" Tela kan ce da safe in ya leƙo, tef rataye a wuya.

"Taka ce. Ka san Turawan da sun yi wa irinka suna? Mutumin da ke maƙalewa a gindin bango, daidai inda ruwan rufi ke ɗiga, yana sauraron hirar masu gida. Daga nan eavesdrop ta fito."

"Tawada ko fensir?"

"Tawada. Shafi na ɗari biyu da sha ɗaya."

"To ni sharri aka yi min, ko da zinariya aka rubuta. Bangon ne ba shi da kauri."

'Ya'yansa huɗu. Manyan uku ba ruwansu da akwatin, ɗayansu ma ya taɓa yin fifita da kati. Auta ce ta ɗauko halinsa. In an tashi daga makaranta shagon take zuwa ta zauna a kan tulin kwali tana kaɗa ƙafa, tana jefo masa tambaya. A nan ta ji cewa window asalinta idon iska, don ramin da ake bari a gini iska ta shiga. A nan ta ji sennight, dare bakwai, kalmar da a da ake kiran mako da ita. Kowace ya faɗa sai ta ce, "Baba, tawada ko fensir?" In ya ce tawada ta haɗiye ta kamar ruwa. In ya ce fensir ta ce, "To zan riƙe maka ita da hannun hagu."

Akwai wata kalma, gloaming, lokacin nan da rana ta faɗi duhu bai gama shiga ba. Ma'anar ya gani, amma gara ta cinye ƙasan shafin. Ya yi ta faɗinta a bakinsa yana ɗinki har ya ji kamar kukan shanu ne a cikinta, lokacin da suke komawa gida da almuru. Ya rubuta haka da fensir. Wata rana suna tafiya gida da Auta, sama ta yi ja, ya ba ta labarin. Daɗinsa ya ɗauke ta har ta manta ba ta yi tambayarta ba, shi ma bai tuna mata ba.

Auta na shekarar ƙarshe a makarantar kwana lokacin da saƙo ya zo cewa wani Dakta daga jami'a ya ji labarin akwatin, zai zo ran Alhamis ya gani. Ran Litinin Ƙamus ya jawo akwatin ya buɗe, ya dube shi da idon baƙo. Kati sun haura dubu huɗu. Da ya bi su da yatsa sai ya ga cikin kowane biyar ɗaya fensir ne. Shekara ashirin yana kallon fensirin nan a matsayin gaskiyarsa. Ran nan sai ya ga kamar faci ne a gindin wando. Mutum mai digiri uku zai zo ya tarar da ɗan aji huɗu yana cinke.

Ya saya ƙofar shago, ya cika alƙalami. Kati ɗaya bayan ɗaya, ya bi kan fensir da tawada, ya jira ta bushe, ya goge da magogi a hankali. A ƙarshen kowanne ya bar sunan littafin da ya ga ma'anar a ciki, kamar asalin ma daga can ya fito. Da yake gwani ne, waɗanda bakin fensir ya lotsa ma sai da ya ɗan jiƙa bayansu ya sa a matsi suka miƙe sumul.

Ran Laraba matarsa, Inna, ta kawo masa abincin rana da kanta, ta tarar da dusar magogi ta rufe tebur. Inna ba ta karanta Turanci, amma ta san tawada ta san fensir.

"Baban Auta, me kake yi haka?"

"Gyara."

"Ka samo su a littafi ne?"

"Ajiye kwanon ki tafi, kada ki taɓa min gam."

Ta ajiye, ta tsaya a bakin ƙofa tana dubansa. "Ni dai na san wancan na gani ne, wannan na zato. Yau kuma duk sun zama ɗaya."

Daktan ya zo ran Alhamis, ya ƙi zama saboda ƙura. Ya zaro kati kamar goma, ya ce, "Kai, madalla, aiki ya yi kyau," ya duba agogo. Sannan ya fito da abin da ya kawo shi: littattafansa guda shida da yake son a yi musu bango mai ruwan zinariya. Ya tafi. Bai tambayi komai a kan asali ba, balle tawada.

Tela ya leƙo. "Shi ke nan? Don wannan ka rufe shago kwana uku? Na zaci da mota za a ɗauke ka."

Ƙamus ya yi niyyar komawa ya sa wa waɗanda ya shafa alama, ko ɗan ɗigo ne a kusurwa. A makon nan yana iya tuna yawancinsu. Aiki ya zo, ya ce gobe. Da wata ya zagayo rabi sun ɓace masa. Kuma gaskiyar da bai faɗa wa kansa ba ita ce, akwatin ya fi yi masa kyau a haka.

Auta ta gama karatu ta samu koyarwa a kwalejin horon malamai. Ita ce ta farko a gidansu da aka kira Malama. Bayan wasu shekaru kwalejin ta ce duk wanda ba shi da digiri na biyu ya nemo, in ba haka ba ya bar aiki. Ta shiga jami'a, ta zaɓi rubuta kundinta a kan tsofaffin kalmomin da ke cikin littattafan karatun Turanci na da, ma'anarsu da asalinsu. Ran da aka amince mata ta taho shago kai tsaye, ko gida ba ta biya ba.

"Baba, aron akwati na zo. Rabin littattafan da ka gani babu su a ɗakin karatun jami'a. Kai ne ɗakin karatuna."

Ya ji daɗin maganar har cikin ƙashinsa. Ta durƙusa ta buɗe akwatin tana bin katin da yatsa, sai ta ɗago.

"Ina na fensir ɗin?"

Yana riƙe da basilla, ya ci gaba da sa mata zare kamar ramin ya ɓace masa. Abin faɗin bai fi kalma goma ba. Ya dubi fuskarta, ya ga yadda take dubansa tun tana kan tulin kwali.

"Na tabbatar da su," in ji shi. "Waɗanda ban samu ba na yar."

"Kai, Baba! Kai kaɗai?"

"Da wa kike so in yi, da Tela?"

Ta yi dariya, ta kira mai tasi aka ɗauki akwatin.

Kada a ce Auta ba ta yi nata ba. Ta zari kati hamsin ta je ta gwada su da manyan ƙamusoshin jami'a, sai aka yi rashin sa'a ta fara da waɗanda littattafansu ke kusa, waɗanda shafukansu ba su taɓa yagewa ba. Duk hamsin suka fito daidai, har lambar shafi. Ta zo tana ba shi labari tana murna. Daga nan ta daina gwadawa. Tana koyar da azuzuwa biyar, tana da goyo, malamin da ke duba aikinta kuwa sai ta yi wata uku ba ta sa shi a ido ba. Ta kwashe abin da ke kati ta sa a kundi, ta ambaci littattafan da shafukansu kamar yadda uban ya rubuta.

A gida Inna ba ta bar maganar ba. Duk ran da Auta ta zo ta tafi, sai ta tare shi.

"Ka faɗa mata?"

"Zan faɗa."

"Bara ma haka ka ce."

"Ke me kika sani a ciki? Ai ba lallai ne zato ya zama ƙarya ba. Wani zaton nawa ya fi na masu digiri."

"To ka ce mata zato ne, ta zaɓa da kanta. Ko ni in faɗa?"

"Ki faɗa mata ubanta maƙaryaci ne? Bismilla."

Inna ba ta faɗa ba. Ta ɗauka ba huruminta ba ne ta shiga tsakanin uba da 'ya a kan takarda. Ita ma ta ɗanɗana nata daga baya.

Bayan shekara biyu Auta ta shigo shago da kundi kwafi huɗu a rungume, ba bango.

"Ba wanda zai ɗinka min sai kai."

Ya karɓa, ya ce ta dawo bayan mako guda. Ya sa tabarau ya karanta shi tun daga farko, ko da yake yanar ido ta fara rufe masa na dama. A shafin sadaukarwa ta rubuta: ga mahaifina, wanda ya koya min bambancin abin da na gani da abin da na zata. Babi na ɗaya da gloaming ya buɗe, da shanu masu komawa gida, ga sunan littafi ga shafi. Ya cire tabarau ya ajiye. Har yanzu takardu ne a warware, zare bai shiga ba. Da ya aika a kira ta a ranar, da wata uku ya ishe ta ta tsince abin da za ta tsince.

Ya yi kwana biyar kundin na kan tebur yana zagaya shi. A rana ta shida ya ɗauki basilla. Bai taɓa yin ɗinki mai kyawun wannan ba. Baƙin bango, harufan zinariya, gefe a yanke kamar da reza. Tela ya juya kwafi ɗaya a hannu ya ce, "Wannan ko ba komai a ciki a ba ta digirin."

Ranar kare kundi aka kawo mai jarrabawa daga wata jami'a, wata dattijuwa da ta yi shekara talatin a kan irin wannan aiki. Ta zo da jaka cike da littattafai. Ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe littafin da Auta ta ambata a babi na ɗaya, daidai shafin, ta miƙa mata ta ce ta karanta wa jama'a. Babu saniya ko ɗaya a ciki. Kalmar 'yar'uwar glow ce, wato hasken da ke saura a sama bayan rana ta faɗi. Dattijuwar ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku. Wuri talatin da ɗaya ta yi wa alama inda kundin ya jingina wa littafi abin da littafin bai faɗa ba.

Auta ta zo shago da yammacin ranar. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a tsakiyar shagon, jakarta a kafaɗa.

"Baba, shanun nan. A ina ka gan su?"

Keken Tela da ke ta ƙara a bayan bango ya tsaya cak.

"Fensir ne," in ji shi.

"Guda nawa?"

"Da yawa."

"Tun yaushe?"

Ya faɗa mata. Daktan, kwana uku, magogi, matsi. Ta saurara har ƙarshe tana kallon tulin kwalin da ke kusurwa.

"Inna ta sani?"

Ya sunkuyar da kai.

"To ka ji," ta ce. "An kafa kwamiti, ran Talata zan shiga. Wakilin ƙungiyarmu ta malamai ya ce in amsa na yi kuskure, in roƙi shekara guda in sake aikin. Ya ce akan ba da. Gobe za a dawo maka da akwatinka. Ka ajiye shi a nan. Kada ka zo, Baba. Ka ji ni? Kada ka zo."

Kwana huɗu abinci ba ya wuce masa. Ya yi ta ganin kansa a gaban kwamitin yana cewa ni ne, ku sake ta. Ya ga manyan suna girgiza kai, suna cewa dattijon nan ya yi ta maza. Ya ga Auta ta dube shi kamar da. Mutumin da ya kasa magana shekara goma sha ɗaya lokacin da maganar za ta amfani 'yarsa, yanzu ya kasa yin shiru na kwana huɗu da ta roƙe shi. A duka biyun kansa yake dubawa.

Ran Talata ya sa rigarsa mai kyau. Inna ta tare ƙofa.

"Ta ce kada ka je."

"Da can kin ce in faɗa, yanzu kin ce kada in faɗa. Wanne zan ɗauka?"

"Nata za ka ɗauka. Sau ɗaya dai a rayuwarka ka ji abin da aka ce maka."

Ya raɓa ta ya wuce. Tela ya taya shi ɗora akwatin a tasi, bai yi masa zolaya ko ɗaya ba.

Ɗakin kwamitin na hawa na biyu. Ya hau da akwatin a kafaɗa yana haki, ya ture masinjan da ke bakin ƙofa. Mutum biyar ne zaune a dogon tebur, fanka na juyawa a sama, Auta na kan kujera ita kaɗai a tsakiya, wakilin ƙungiya a gefenta. Shugaban kwamitin ya ɗago, sai Ƙamus ya gane shi. Daktan nan ne, ya yi ƙiba, gashi ya yi fari, yanzu shi ne shugaban sashe.

"Baba, lafiya? Wa kake nema?"

"Ranka ya daɗe, ni ne mai ɗinkin littafi. Ka taɓa zuwa shagona."

"Allah Sarki. Ban tuna ba. Muna cikin zama ne."

"Ni ne ubanta. Laifin nawa ne."

Auta ta rufe ido. Wakilin ƙungiya ya miƙe zai yi magana, shugaban ya ɗaga masa hannu. Ƙamus ya dire akwatin a kan tebur ya buɗe, ya faɗi komai, har ya zaro katin gloaming ya miƙa. Kati ya zagaya hannu biyar. Aka nemo wasu, aka gwada da kundi. Kalma da kalma, har lambar shafi.

Wata mata a ƙarshen tebur, wadda ke rubuta bayanin zama, ta buɗe shafi na biyu na kundin ta karanta a fili. Shi ne shafin da ɗalibi ke sa hannu cewa duk littafin da ya ambata ya duba shi da kansa.

"Malama," in ji shugaban, "littafin nan na babi na ɗaya, kafin ranar jarrabawa kin taɓa riƙe shi a hannunki?"

"A'a."

"Sauran fa? Ban ce talatin da ɗayan kawai ba. Duka."

"Kamar kashi ɗaya cikin uku na gani."

"Mu da muka zauna a kan kuskure talatin da ɗaya, yanzu kuma magana ta wuce kuskure," in ji shi, ya rufe kundin. Ya juya wurin Ƙamus. "Baba, mun gode. Ka taimaka mana ƙwarai. Amma wa ya yi wannan bangon? Aiki ya yi kyau."

Jami'a ta kore ta daga karatun, ta rubuta wa kwaleji dalili. Kafin ƙarshen zango kwalejin ta sallame ta. Takardar ta bi ta duk makarantar da ta nema. Daga baya ta samu aikin buga takardu a wani shago kusa da kotu, tana buga wa mutane wasiƙu da takardun haya.

Sai bayan wata biyu ta sake taka shagon uban. Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta ja kujera.

"Abu ɗaya nake so. Ka ware min su. Na gani gefe ɗaya, na zato gefe ɗaya. Ba don jami'a ba, wannan ya wuce. Ina so in san abin da ke cikin kaina. Shekara shida ina koya wa ɗalibai abubuwan nan, su ma yanzu suna koya wa yara."

Ya ce zai yi. Ya rufe shago ya zauna bakin taga, yana ɗaga kati ɗaya-ɗaya yana kallonsa a hasken rana ko zai ga sawun fensir. Babu. Matsi ya yi aikinsa. Ya koma ga tunani, sai ya tarar tunanin ma ya bi tawada. Zatonsa da ya yi shekaru yana ba mutane labari, yanzu yana ganinsu a buge a shafi, har da launin takardar. Waɗanda ya tabbata ya gani kuma sai ya fara shakkarsu. Littattafan sun koma wurin masu su tun tuni, wasu makarantun ma an rufe su. Ya yi tuli biyu, washegari ya duba ya rushe. Ya sake yi ya sake rushewa. Ran da ta dawo, mako uku bayan nan, kati na barbaje a tebur da ƙasa da kan matsi.

"Ban iya ba," in ji shi.

Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya da ke kusa da ƙafarta. Ta daɗe tana dubansa.

"Window. Idon iska. Ina aji biyu ka faɗa min, ina zaune can." Ta nuna kusurwa. "Tawada ko fensir?"

Wannan kam ya sani. Ya tuna littafin, mai jan bango, na ɗakin karatun gari, ya tuna layin. Gaskiya ce tsantsa.

"Tawada. Wallahi tawada, Auta. Na gan shi da idona."

"To," ta ce. "Zan duba."

Ta ajiye katin a kan tebur, ta yi masa sai an jima.

Tela bai sake leƙowa ya tambayi gawar wa aka tono ba. Da safe yakan ce ina kwana, ya koma kan kekensa. Inna ta mayar da katin cikin akwati yadda suka zo hannunta, ba tsari, ta tura shi ƙarƙashin gado. Ita ma Auta ta rage mata hira, gaisuwa ce da maganar jikoki. Shekara biyu bayan haka yanar ta rufe idon Ƙamus na biyu, aka sayar da matsin, wani mai gyaran rediyo ya karɓi shagon.

Auta ba ta yanke zumunci ba. Duk ƙarshen wata tana zuwa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo masa maganin ido, ta gyara masa shimfiɗa. In tana son sanin ko ya ci abinci, Inna take tambaya, yana zaune. Wata rana ya ji ƙanshin ƙasa ya ce mata ta yi sauri, hadari ya haɗo. Ta tashi ta je taga ta duba da kanta.

Ya rayu shekara tara a haka. Kati dubu huɗu da ɗoriya na ƙarƙashin gadonsa, fiye da dubu uku gaskiya ne, ba wanda ya ƙara buɗe su. 'Yarsa ba ta sake yi masa tambaya ba har ya mutu.